Ɗan wasan Amurka da ya tafi buga wasa waje, ya ƙare ke nan?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko ɗan ƙwallon kwandon Amurka da ya bar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ya koma Sin ko Turai, tasa ta ƙare ne, yana lallaɓa ragowar ƙarfinsa don ya samu na cefane. Na ga wasu sun amsa maka da "eh" kai tsaye. Ban yarda ba, kuma dalilina abin da idona ya gani ne.

Na yi karatu a Beijing daga 2011 zuwa 2015, shekarun da Stephon Marbury yake tashe a ƙungiyar Beijing Ducks. Mutumin nan ɗan Brooklyn ne, shi aka ɗauka na huɗu a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA na 1996, kuma sau biyu yana shiga wasan taurari, a 2001 da 2003. Amma zamansa a ƙungiyar New York Knicks bai yi daɗi ba. Ya yi ta samun saɓani da masu horarwa, jaridu suka sa shi a gaba, mahaifinsa ya rasu a ƙarshen 2007, daga baya shi da bakinsa ya ce ya shiga ƙuncin rai mai tsanani. Da ya sauka Sin a farkon 2010 yana gab da cika shekara 33, mutanen ƙasarsu sun riga sun yanke masa ƙauna.

Farkon ma ba da sauƙi ya zo ba. Ya fara da ƙungiyar Shanxi, ya koma ta Foshan, garin da ke maƙwabtaka da Guangzhou, wanda 'yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya suka sani. Sai a ƙungiya ta uku, wato Beijing Ducks, ya samu wurin zama.

A 2012 Beijing ta doke Guangdong ta ɗauki kofin CBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Sin, karo na farko a tarihinta. Tikiti ya gagare mu, sai muka kalli wasan ƙarshe a wani ɗan gidan abincin Musulmi kusa da makaranta, inda muke cin taliya. Mai kwaɓa taliyar ya saki ƙullinsa ya zo ya tsaya gaban talabijin, hannunsa duk gari. Da aka tashi, aka nuno Marbury yana kuka wiwi, wani dattijo da ke kusa da ni ya kama kafaɗata yana jijjigawa yana cewa "Ma Buli, Ma Buli", wato yadda suke kiran sunansa. Bayan nan na daɗe ina shiga tasi direba ya dube ni ya fara da wannan suna kafin ma ya tambayi inda za ni. Wallahi mu baƙar fata da ke birnin mun ci albarkacinsa.

Ya ƙara ɗaukar kofi a 2014 da 2015. Aka kafa masa mutum-mutumi, aka buɗe gidan tarihi da sunansa, aka ba shi takardar zaman dindindin, abin da Sin ba ta cika ba baƙo ba. Ya ajiye wasa a 2018, a 2019 ya zama kocin wata ƙungiya a birnin.

A ganina, ba gwanintarsa kaɗai ta jawo masa wannan ba. Amurkawa da yawa sun je Sin suna zuba maki arba'in a dare guda, suka karɓi kuɗinsu suka tafi, yau ba mai tuna su. Shi kuwa ya zauna. Yakan hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa atisaye cikin talakawa, yakan je kallon ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta birnin, yana koya wa matasan ƙungiyarsa abin da ya sani. A lokacin baƙi biyu aka yarda wa yawancin ƙungiyoyi, kuma an ƙayyade lokacin da za su yi tare a fili, saboda haka wanda bai ɗaga 'yan gida ba ba zai ga kofi ba.

Kada ka ɗauka duk haka ake dacewa. Kwantiragin waje galibi na kaka ɗaya ne, baƙo ya yi wasa uku ba daɗi ko ya ji rauni, sai a nemo wani a madadinsa. Akwai ƙasashen da albashi ke makara. Ga kewar iyali, ga harshe, ga abinci.

Sannan ka tuna ƙungiyoyin NBA 30 ne kacal, kuma kimanin mutum 60 ake zaɓa a shekara daga dubban da ke fitowa daga jami'o'i. Dubi wani Ba'amurken, Kyle Hines: bai taɓa buga wasan gasar NBA ko ɗaya ba, amma sau huɗu ya ɗaga kofin EuroLeague, babbar gasar ƙungiyoyin Turai, biyu da Olympiacos ta Girka a 2012 da 2013, biyu da CSKA ta Rasha a 2016 da 2019. Nemi wasanninsa na Olympiacos a YouTube ka kalla, ka dawo mu ƙarasa hirar.