Kana kuka da kafili a Jidda, kai ma kafilin wasu ne a Sakkwato

Wani ɗan'uwa ɗan Mabera, direba a Jidda shekara tara ke nan, ya aiko mini da tambaya. Da guminsa ya kafa injin casar shinkafa a hanyar Wamakko, ƙanensa ke kula da shi, da ma'aikata bakwai. Watan jiya bel ɗin injin ya fizgi hannun ɗaya daga cikin yaran, ya rasa yatsu biyu. Ƙanen ya biya kuɗin asibiti, ya ba shi naira dubu 30, ya ce ya je gida ya huta, washegari ya ɗauki wani. Yanzu mahaifin yaron yana maganar kai ƙara. Tambayarsa: "Akwai sauran haƙƙi bisa wuyana, tunda ba mu rubuta komi ba, kuma ni ba ni ƙasar?"

Alhaji, Allah ya tsare gaba. Akwai haƙƙi, kuma zamanka a Jidda bai sauke shi ba. Injin naka ne, riba kai take zo wa, ƙanenka wakili ne kawai.

Rashin takardar nan da kake gani kamar mafaka ce, ita ce laifin farko. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci takarda kafin a cika wata uku da fara aiki, wadda ta fayyace irin aikin, albashi, awannin aiki, hutu da yadda za a rabu. Mu dai mun saba da "ka zo gobe ka fara, za a riƙa ba ka wani abu". Kotu tana karɓar wannan a matsayin yarjejeniya. Sauran yara shida da suka ga yana ɗaga buhu kullum tun safe har la'asar sakaliya, shaidu ne.

Maganar raunin ita ce mai nauyi. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya kowane wata ga asusun da hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke riƙe da shi. Daga nan ake biyan jinya da diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki. Mai aiki zai sanar da hukumar cikin kwana 7, shi kuma wanda ya ji raunin yana da shekara guda ya nemi diyya. In albashin yaranka duka ya kama dubu 300, dubu uku ke nan a wata, kuɗin da bai kai na man janareta na yini ɗaya ba. Na tabbata ba ku yi rajista ba, da kun yi da ka faɗa. Saboda haka maganar ta dawo aljihunka. Dubu 30 kuwa, kai ma ka san ba ta sayen yatsa. Yaro ne da bai yi aure ba, da hannun nan zai ci abinci har tsufa.

Sai sallamar. Sashe na 11 ya ce wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba a ba shi sanarwar mako guda, daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar mako biyu, daga biyar zuwa sama wata guda, ko a biya shi kuɗin kwanakin. Yana kuma da hutun jinya na kwana 12 a shekara da albashinsa, in likita ya rubuta. Ƙanenka ya tsallake duka biyun. Idan mahaifin ya je Kotun Masana'antu ta Ƙasa, wadda ke da reshe a nan Sakkwato, da wuya ka fito da dariya.

Shawarata, kada ka bari ta kai can, kuma kada ka bar wa ƙanenka sasancin, don shi ya riga ya ɓata rawarsa da tsalle. Kira mahaifin yaron da kanka, ka jajanta masa da bakinka. Tura babban wanku ko limamin unguwa su je har gida. A nemi lauya ko jami'in ofishin ƙwadago na tarayya da ke jihar ya ƙiyasta diyyar da ta dace, a rubuta, kowa ya sa hannu gaban shaidu. In yaron zai iya aikin awo ko riƙe littafin buhuna, mayar da shi. A sa wa bel ɗin nan murfin ƙarfe a makon nan, aikin yini guda ne wurin mai walda.

Zan faɗa maka abin da ba ka tambaya ba. A saƙonka ka ce kafilinka na farko, wato uban gidan da ya ɗauki nauyin zamanka a Saudiyya, ya riƙe fasfo ɗinka, ya ja maka albashin wata huɗu, har ka kwana kana kuka. Ka san dokar Saudiyya ta hana riƙe fasfon ma'aikaci, ka san kuɗin sallama, rabin albashin wata a kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken wata bayan haka. Ka haddace haƙƙinka tsaf. To, tambayi ƙanenka ranar da yake biyan yara. Doka ta ce kada a wuce wata ba a biya ba. Tambaye shi ko yana yanke musu kuɗi in buhu ya yage, don ba a yin haka sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce. Tambaye shi ko suna samun hutun kwana ɗaya a mako, da hutun shekara na kwana shida na aiki. Almajiran da ke kwasar dusa a gindin injin kuma a janye su, wanda bai kai shekara 15 ba doka ta hana shi aikin masana'anta. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito na biyan ɗan ƙodago kafin guminsa ya bushe, ai tun muna makarantar allo muke jin sa.

Mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kanka ba, don ya keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Amma ka ce a turo maka hoton littafin albashi ta WhatsApp duk ƙarshen wata, da sa hannun kowane yaro ko dangwalensa. Ka kuma karɓi lambar biyu daga cikinsu, ka riƙa kiransu ba tare da ƙanenka yana kusa ba.