Lalube a ƙofar filin ƙwallo: yana hana wani abu kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai son ƙwallo ne, kuma bana na fara zuwa kallo da ɗana mai shekara 11. A wani wasa da muka je, mai riƙe da na'urar bincike ya goga mini ita a ƙirji, ta yi ƙara, ko kallona bai yi ba ya ce in wuce. Da aka dawo hutun rabin lokaci sai ga duwatsu da kwalabe suna tashi. Shin laluben nan yana da wani amfani, ko shanya mu kawai ake yi a rana? Daga wani mai karatu, Fadamar Mada, Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Lalube yana da amfani, amma wanda aka yi maka ba lalube ba ne, sharar fage ce kawai.

Na'urar hannun nan ƙarfe kaɗai take ji. Ba ta san wuƙa daga makulli ba, ba ta san harsashi daga kan bel ba. Idan ta yi ƙara, aikin mai binciken ya fara ke nan: ya tsayar da kai, ka fito da abin da ke aljihunka, ya sake goga ta a wurin har ta yi shiru. Wanda ya ji ƙara ya ce ka wuce, da ita da sandar rake duk ɗaya ne a hannunsa. Kwalba kuwa, da dutse, da gora, da ƙwaya, ba ruwanta da su. Waɗannan sai hannu da ido. Kuma mai ɓoye abu ba a ƙirji yake sa shi ba. A shekarun da na yi ina aikin tsaron taro, inda muka fi samun kaya shi ne tsakiyar baya wajen ƙugu, cikin safa, ƙarƙashin hula, da cikin gangunan 'yan tashe na magoya baya, waɗanda ba wanda ke tunanin leƙawa saboda suna shigowa da kiɗa da raha. Na taɓa zaro aska daga cikin burodi.

In kana son shaida cewa ƙofa tana iya ceton rai, duba abin da ya faru a Faransa ranar 13 ga Nuwamba, 2015. Ana wasan sada zumunci tsakanin Faransa da Jamus a filin Stade de France, kusan mutum 80,000 na ciki har da shugaban ƙasar. 'Yan ƙunar baƙin wake uku suka je wurin. Masu gadin ƙofa suka hana ɗaya daga cikinsu shiga, kuma a ƙarshe duka ukun a waje suka tayar da bama-bamansu, inda suka kashe mutum ɗaya. Mu nan Arewa maso Gabas ba sai an yi mana dogon bayani ba. A watan Yunin 2014 kaɗai an kai hari wajen kallon ƙwallo a Mubi, aka kuma kai wani a gidan kallo a Damaturu ana tsakiyar gasar cin kofin duniya. Irin waɗannan hare-hare ne suka sa na'urar nan ta zama ruwan dare a ƙofar masallatai da kasuwanni da tashoshin mota. Wani amfanin kuma ba a ganinsa da ido: ɗan sara-sukan da ya san za a taɓa ƙugunsa, a gida zai bar wuƙarsa.

To ina duwatsun suka fito? Mafi yawa ba ta ƙofa suka shigo ba. A ciki aka tsince su, daga dakalin da ya farfashe ko tarkacen gini da aka bari a bayan rumfa. Kwalabe kuma sau da yawa masu sayar da lemo ne suka shigo da su tun da hantsi, kafin masu bincike su iso. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a fara zagaye filin a kwashe duk abin jifa kafin a buɗe wa kowa. Sannan ga mai haurowa ta katanga, ga wanda abokinsa zai miƙo masa leda ta saman waya bayan an gama lalube shi. Ga ƙofar manyan baƙi, inda babba ɗaya zai shigo da yara ashirin, ba wanda ya isa ya ce musu su ɗaga hannu. Ga kuma al'adar sakin ƙofa kyauta idan wasa ya yi nisa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa namu bangon tsaga biyar gare shi, mun tara jami'ai a kan guda.

Akwai abin da ya fi duwatsu tayar mini da hankali, shi ne layin da kuka tsaya a ciki. A yi lissafi. Lalube na gaskiya ba zai gaza daƙiƙa 10 ba a kan mutum ɗaya, wato mai bincike ɗaya zai sallami mutum 360 a awa guda idan bai ko sha ruwa ba. A ce mutum 6,000 za su shiga ta hannun masu bincike 6, ana bukatar kusan awa uku. Wasanninmu kuwa galibi ƙarfe 4 ake take su, mutane kuma sai sun yi sallar La'asar suke tahowa, duk a lokaci ɗaya. Da an ji usur daga ciki, na baya ya fara turo na gaba. Nan mai bincike yake da zaɓi biyu, ko ya riƙa goga na'ura yana cewa a wuce, kamar yadda aka yi maka, ko ya tsaya kai da fata a matse yara a jikin ƙarfe. Ba ina wanke shi ba ne, amma laifin ya fi yawa a kan wanda ya tsara aikin.

Turmutsitsi ya fi wuƙa cin rai a filayen ƙwallo nesa ba kusa ba. A filin wasa na Hillsborough da ke Ingila, ranar 15 ga Afrilu, 1989, jama'a sun cunkushe a mashigar filin, 'yan sanda suka buɗe wata babbar ƙofa don a rage matsin, mutane suka kwarara wuri guda, rayuka 97 suka salwanta. A maƙwabciyarmu Kamaru, ranar 24 ga Janairu, 2022, mutum 8 suka mutu a ƙofar filin Olembe kafin wasan Kamaru da Komoros. A Ghana kuwa, ranar 9 ga Mayu, 2001, 'yan sanda sun harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo a filin wasa na Accra alhali ƙofofi na kulle, fiye da mutum 120 suka rasu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Dokokin tsaron fili na FIFA sun hana amfani da irin wannan hayaƙi a cikin filin wasa, sai dai ba ko'ina ake bi ba.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa, kuma Bauchi ba baƙuwar wannan aiki ba ce, tunda filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa ya karɓi wasannin gasar duniya ta matasa a 1999 da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. A buɗe ƙofofi awa biyu ko uku kafin wasa. A ja shingen bincike nesa da ƙofar karɓar tikiti, don kada layi biyu su haɗe. A sa mata su lalube mata, domin inda babu jami'a mace, duk mai hijabi wucewa take ba a duba ba, kuma masu mugun nufi sun san da haka. A lalube kowa, har mai babbar riga.

Kai kuma da yaronka, ku yi sammako, ku nemi wurin yin La'asar a kusa da filin ko a ciki. Kada ka ɗauki jaka. Ka riƙe waya da makulli a hannu kafin ka iso gaban mai bincike. Idan ka tarar ƙofa ta cushe har ba ka iya ɗaga hannunka, ka ja yaron ku koma gefe, ko da za ku rasa minti goma na farko. Da kun zauna ka nuna masa ƙofar fita mafi kusa, ku kuma yanke wurin da za ku haɗu a waje idan kuka rabu, ka rubuta lambar wayarka a takarda ka sa masa a aljihu.