Filin Tambayi Bakanike: Birkin gaban tsohuwar a-kori-kura

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da a-kori-kura ƙirar 1994. Idan ba kaya, birkinta lafiya lau. Amma da na yi lodi na kama doguwar gangara, sai in ji ƙauri, ina takawa tana tafiya abinta. Wani ya ce in cire faifan birkin gaba da kalifa, wato ƙarfen da ke matse takalman birki a jikin faifan, in sa na babbar mota. Ko hakan zai yi?

AMSA: Zai yi, ɗan'uwa, amma ba daga nan zan fara ba. Ciwon motarka zafi ne. Duk lokacin da ka taka birki, nauyin mota gaba yake komawa, shi ya sa ƙafafun gaba ke ɗaukar mafi yawan aikin, su ne kuma ke fara gasuwa.

Abin da ba ka faɗa mini ba shi ne yadda fedar ke yi a ƙarƙashin ƙafarka. In tana nan da tauri amma mota ba ta tsayawa, takalman birki ne suka yi zafi har suka daina kamu. In kuwa ta yi laushi tana nutsewa, man birki ne ya tafasa. Man nan yana zuƙar danshi a hankali. Sabon man birki mai lambar DOT 3 sai ya kai aƙalla digiri 205 na Celsius yake tafasa, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 140. Yaushe rabonka da juye shi? Na sha buɗe tankin man irin waɗannan motoci in tarar da shi baƙi ƙirin. Zubar da shi ka sa DOT 4, a fitar da iska sosai. Kada ka kuskura ka haɗa da DOT 5, ba jinsinsu ɗaya ba.

Daga nan a canza tiyon roba na ƙafafun gaba, don tsoho kumbura yake yi idan an taka. A auna kaurin faifan da lambar da ke rubuce a jikinsa, a sa takalma masu jure zafi.

In duk an yi wannan ba ta daina ba, to sai babban faifai, mai ƙofofin iska a tsakiya. Mai huje-huje a fuska dai ban ba ka shawara ba. Kyan gani gare shi, amma tsagewa yake yi a motar lodi. Ka kuma sani abin ba ya tafiya shi kaɗai. Faifan da ya ƙaru yana iya hana rim mai inci 15 shiga, sai ka nemi 16. Kalifa mai manyan fistin tana jan mai da yawa, tsohuwar masta, wato famfon da ke tura man birki, ba lallai ta wadatar da ita ba, sai feda ta riƙa zurfi. Bawul ɗin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya shi ma sai an daidaita shi.

Bayan an ɗaura, ka nemi hanyar da ba kowa, ka rage gudu daga kilomita 60 zuwa 10 kamar sau goma ba tare da tsayawa cak ba, don takalman su zauna. A gangara kuma ka sauko giya ta biyu, inji ya riƙe maka motar, ƙafarka ta riƙa taɓa birki tana saki.