Shin Haɗa Gwiwa da Kamfani Sayar da Ruwan Talaka Ne?

Tambaya: Malam, a unguwarmu da 'yan ga-ruwa muka dogara, alhali ga madatsar Dadin Kowa kusa da mu. Na ji ana batun shigo da kamfanoni masu zaman kansu harkar ruwan famfo. Wannan ba sayar da ruwan talaka ba ne? Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Ɗan'uwa, fargabarka tana da tushe, amma haɗin gwiwar iri-iri ne, kuma bambancinsu yana wurin wanda zai zuba jari da wanda zai ɗauki asara. Akwai kwangilar gudanarwa, inda ake biyan kamfani ya tafiyar da aiki kawai, kamar yadda Ghana ta gwada daga 2006 zuwa 2011, ba ta kuma sabunta ba. Akwai miƙa komai na shekaru masu yawa, irin na birnin Manila na ƙasar Philippines a 1997. Sai na tsakiya, wato haya, wanda a ganina shi ya fi dacewa da garuruwa irin Gombe da Bauchi.

A tsarin haya, madatsa da matatar ruwa da manyan bututu suna nan a hannun gwamnati, ita ce ke nemo rance mai sauƙi ta faɗaɗa su, kamfani kuwa aikinsa tace ruwa, gyaran fashewar bututu, sa mita da karɓar kuɗi. Senegal ta bi wannan hanya a 1996, ta kafa kamfanin gwamnati SONES ya riƙe kadarori, kamfani mai zaman kansa SDE ya gudanar, aka kuma ɗaure ribar SDE da rage ruwan da ke zubewa a banza da yawan kuɗin da ya tattaro. Maƙwabciyarmu Nijar ta yi makamancin haka a 2001. Hikimar ita ce, bututu yakan ɗauki shekaru da dama kafin ya mayar da kuɗinsa, kuma ɗan kasuwar da aka tilasta wa binne shi da jarinsa, a kan farashi zai huce.

Ba kullum ake dacewa ba. A Darussalam ta Tanzaniya an sa hannu kan haya a 2003, aka soke ta a 2005 cikin rigima.

Saboda haka kafin a gayyato kowa, dole hukuma ta san yawan masu famfo, ta san ruwan da ke barin matata da wanda ke isa gidaje, sannan ma'aikatun gwamnati su riƙa biyan nasu kuɗin, abin da ba a cika son faɗa ba. A kuma samu hukuma mai cin gashin kanta da za ta tsayar da farashi.

Game da talaka kuwa, ka lissafa abin da kake kashewa a kan jarka a wata. Galibi mai saye a kura ya fi mai famfo a gida biya da tsada. Abin da ya kamata ku nema a rubuce cikin yarjejeniyar shi ne rangwamen kuɗin jawo famfo, da sunayen unguwannin da za a kai wa bututu, da ranar kammalawa.