Taubashi, ga amsar maganar busasshen ganye

Taubashi, na ga saƙonka, kuma sai da na yi dariya har uwargida ta leƙo daga kicin. Wai me ya same mu muka kwashi yara zuwa daji kallon busasshen ganye kamar awaki, kuma wane ne ya yi wa ɗana asiri ya bar Barcelona da Madrid ya sa rigar Leicester. To, gyara zama.

Lokacin nan mu ma a nan Leicester ta Ingila kaka muke ce masa, don babu wani sunan, amma ba kakar da ka sani ba ce. Babu sabon gero, babu ɗaurin dawa, babu mai kawo maka gyaɗa. Daga ƙarshen Satumba ganye ke fara juyewa, wani ruwan ɗorawa, wani ja kamar gauta ta nuna, kafin Nuwamba ta ƙare itatuwa sun yi tsirara. Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai ka ga magariba ta dawo wajen biyar saura, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu an kira ta. Daga nan kowa ya shige gida sai bazara. Shi ya sa muke fita tun da sauran haske. Mu Hausawan garin nan ba mu da yawa, idan ba a yi haka ba sai a yi wata uku ba a ga juna ba in ba a masallacin Juma'a ba.

Wurin da ka gani a hoto Bradgate Park ne, arewa maso yamma da gari. Akwai bareyi suna yawo abinsu, a Oktoba mazan ke gurnani suna karo da ƙaho, sai an riƙe yara. Akwai kufan gidan su Lady Jane Grey, wadda ta yi sarautar Ingila kwana tara kacal a 1553. Mu dai ba tarihinta ke kai mu ba. Wannan gida ya kawo masa, wancan dambun shinkafa, wani fulas ɗin shayi mai citta, a shimfiɗa darduma a yi la'asar a kan ciyawa mai raɓa, mata su yi ta hirar gida har sanyi ya kore mu.

Batun riga kuwa, kai ne ma za ka yi tambaya? Kai da murya ke dushe maka a filin Sani Abacha kana "Sai Masu Gida"? Yaron nan a Leicester aka yanke masa cibiya, nan ne gidansa. Kuma mutanen garin nan suna ji da nasu fiye da yadda kake zato. Gary Lineker, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar duniya ta 1986, ɗan mai sayar da kayan marmari ne a kasuwar tsakiyar gari, har yau tsofaffi da haka suke kiransa. Peter Shilton da Emile Heskey duk haihuwar nan ne. Daren 2 ga Mayu 2016, da Chelsea ta riƙe Tottenham biyu da biyu kofin Firimiya ya tabbata na Leicester, a daren ne wani ɗan garin, Mark Selby, ya ci gasar sunuka ta duniya. Ban taɓa jin oda irin ta ranar ba. Maƙwabcina Bature, wanda shekara huɗu gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu ba, ya buga mini ƙofa yana kuka.

Bayan wata biyu suka sayo Ahmed Musa daga CSKA Moscow, sai mu ma muka samu bakin magana. Gaskiya zamansa bai yi armashi ba, benci ya fi sha. Amma biyun da ya zura wa Everton a Kofin FA a Janairun 2017, har yau idan Bature ya ji daga Kano kake sai ya tuno maka su, ni kuma in ƙara masa da cewa a Pillars yaron ya taso.

Ba kowa ne a cikinmu ke zuwa King Power, filin wasan Leicester, ba. Wasu dattawan ba sa so, saboda giya da tallan caca, kuma wasan ƙarfe uku na Asabar a wannan lokaci yana cinye la'asar ya taɓa magariba. Yawanci bayan an tashi Islamiyya gidan mutum ɗaya muke taruwa kallon wasan, ana hutun rabin lokaci a ja sahu. Ni ina kai nawa sau ɗaya ko biyu a shekara, mu yi alwala tun daga gida.

Na san za ka ce ai sun faɗa rukuni na biyu a 2023, sun hau, sun sake faɗowa a 2025, ɗan wasan gabansu Jamie Vardy ma ya tafi. Haka ne. Na tambayi yaron ko zai canza, ya ce shi ma in tambaye ka: shekarar da Pillars ta faɗo, ka koma Enyimba?

A gaida Inna. Kuɗin shara kuma wannan karon kai ne da biya.