Tsagewar bangon gidan gungume: me za a yi?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi gidan da aka gina da gungumen itace a Kanada, ga shi bangon ya tsattsage, kana tsoron kada ya rushe. Kwantar da hankalinka. Itace idan yana bushewa, bayansa kan riga cikinsa bushewa, sai ya dare bisa tsawonsa. Irin wannan tsaga ba ta cika rage masa ƙarfi ba.

Wadda za ka sa wa ido ita ce ta waje mai fuskantar sama, musamman in faɗinta ya kai milimita 6. Ruwan sama na kwanciya a ciki, ya daskare da hunturu ya ƙara buɗa ta, daga nan sai ruɓewa. Ka jira itacen ya bushe sarai, ka kakkaɓe ƙura, ka shafa maganin ruɓewa mai sinadarin boron. Sai ka cusa igiyar soso a ciki, ka rufe da danƙon liƙi mai talewa wanda aka yi don gungume.

Don Allah kada ka sa siminti. Itace na kumbura yana motsewa, simintin zai farfashe ya riƙe danshi. Tsagar da ke kallon ƙasa kuwa, bar ta, ruwa ba ya zama a ciki.

Ɗauki sukudireba ka soka a gungumen da ke can ƙasan bangon. In ya nutse kamar a rogo dafaffe, ko ka ga tsaga ta gitta katakon da ke ɗauke da rufi, ko ƙofofi sun fara cijewa, kira injiniyan gini ya duba kafin ka taɓa komai.