Kafin ki sayi injin, sayar da leda talatin tukuna

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son fara sayar da garin masa a leda, wanda mace za ta kwaɓa kawai ta soya. 'Yan'uwa duk sun ce zai yi kasuwa. Na kwashi adashi, shin in sayi injin niƙa da na liƙe leda? Daga wata 'yar'uwa a Gwallameji, Bauchi.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Hajiya, don Allah ki riƙe kuɗin nan tukuna. 'Yan'uwa suna ƙaunarki, kunya ba za ta bar su su kushe abinki ba. Wanda ya zaro kuɗinsa ya biya, shi ne shaidar da kike nema.

Ki kai shinkafarki injin unguwa, ki ƙulla leda talatin da hannu. Ki sa farashin gaskiya, wanda ya haɗa kuɗin shinkafa, yis, niƙa, leda da na mota. Ban da kyauta, ban da bashi. Ki nemi waɗanda ba su san ki ba: ɗaliban Poly (kwalejin kimiyya da fasaha) da ke kusa da ke, ko mai shago ɗaya a kasuwar Wunti ya ajiye miki goma. Haka wanda ya kafa Zappos, kamfanin sayar da takalma a intanet, ya fara a Amurka a 1999: hoton takalman shagunan wasu yake ɗauka ya sa a intanet, sai an yi oda ya je ya sayo.

Abin da ya fi damuna shi ne Bauchi gari ne da ya shahara da masa. Wadda ta saba da ƙullun da ya kwana ya tashi ba za ta sake waiwayarki ba idan taki ta fito da tauri, ga kuma mai masa a bakin layi tana soyawa da zafinta. Wataƙila ma masu sayenki na gaskiya 'yan Bauchi ne da ke zaune a Abuja ko Legas, masu kewar gida. Ki aika musu biyar ta tasha ki gani. Ki kuma ajiye leda biyu wata guda, ki duba ko garin zai tashi bayan ya sha zafi ko danshin damina.

Tun kafin ki fara, ki rubuta a littafi adadin da zai gamsar da ke, misali mutum goma su dawo da kansu cikin mako uku. Sayen farko sau da yawa ɗanɗano ne, dawowar ita za ki ƙirga. Idan sun dawo, sai mu yi maganar inji da rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Idan ba su dawo ba, ki kira uku daga cikinsu ki tambaye su yadda masar ta fito a tanda.